Wayar Da Inna Ke Kifewa

Fatakwal,
18 ga Satumba, 2021

Atika,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigidanki da yara. Ki shiga ki durƙusa mini gaban Kawu Malam Yusha'u ki miƙa gaisuwata. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ciwon baya da ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa.

Rabona da rubuta wasiƙa tun ina firamare a Yasore. Amma tunda an rufe layukan waya a Batsari da Safana, kin ga an mayar da mu baya. Maude direba, mai kawo mana albasa, shi zai riƙa kai miki yana kawo mini.

A bakinsa na ji Inna ta faɗi. A bakin direba, Atika, yana cin tuwo yana ba ni labari kamar na sani. Ya ce a dakalin ƙofar ɗakinta ne, kuma tun ranar ba ta ƙara takowa tsakar gida ba. Ban zarge ku ba. Ku kuka ɗauko ta daga Runka bayan an kashe ƙanena Yazid a hanyar gona, ku kuke ci da ita, ni ina nan. Sai dai a ɗakinta na Runka babu dakali, ƙasa ce da ƙafarta ta sani. Simintin gidanku baƙo ne a wurinta.

Kin san aikina a asibitin nan tura keken marasa lafiya ne zuwa sashen gashin ƙashi. Shekara da shekaru ina tura iyayen wasu. Abin da idona ya gani shi ne, tsoho idan ya faɗi ya tsorata ya zauna, ƙafar ce ke mutuwa a hankali, ranar da ya yunƙura kuma sai faɗuwa ta biyu, wadda ta fi ta farko muni. Shi nake ji wa Inna tsoro.

Ga waya nan cikin ƙunshin. Likitar sashenmu ta sa mini wata manhaja a ciki da suke ba tsofaffi su riƙa bi a gida, ba ta buƙatar sabis. Motsa jiki ne mai sauƙi: a tashi daga zaune a koma, a dafa bango a ɗaga ƙafa ɗaya, a ɗaga dunduniya, a yi tafiya a miƙe. Kullum da hantsi, kina tsaye kusa da ita.

Idan kin ga sunana zai hana ta karɓa, ki ce daga asibiti ne. Ke kin san yadda muke da ita.

Ɗan'uwanki,
Ashafa

*

Batsari,
29 ga Satumba, 2021

Bawana Ashafa,

Wa alaikumus salam. Ashe ɗan mace ya iya riƙe biro? Saƙonka ya iso, Baba ya amsa gaisuwa ya sa maka albarka. Muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. An fara yankan gero a gonakin da ke kusa da gari, na nesa kuwa sai dai a hango.

Gwaggo ba ta karye ba, an duba ta. Tsoro ne ya shige ta. A zaune take salla yanzu. Kuma gaskiya mu ma muna da hannu. Buta a kawo mata, ruwa a kawo mata, carbi in ya faɗi ƙasa sai wani ya riga ta ɗauka. Baba ya ce yayarsa ce, ita ta goye shi, ba za ta miƙe tana neman abu yana da rai ba.

Na kai mata wayar na kunna. Sai ga wata tsohuwar Baturiya da wando, kai ba kallabi, ta riƙe kujera tana ɗaga ƙafa. Gwaggo ta daɗe tana kallo, can ta ce, "Wagga ba ta da ɗiya ne da za su ba ta abin rufe kai?" Rabon da in ji ta yi dariya tun kafin rasuwar Yazid, don haka ko a nan wayarka ta yi rana. Amma motsi ko ɗaya ba ta yi ba. Turancin matar ta hanci yake fita, ni da nake koyarwa ma sai na kasa kunne. Sannan irin kujerarta ba mu da ita. Ta roba ce gare mu, ita ma ƙafa ɗaya a ɗaure da waya.

Ban ce daga asibiti ba ne, ban iya wannan ƙaryar ba. Na ce daga kai ne. Ta ce, "Ɗan Uwani? To." Har yau da sunan gwaggonka da ta riƙe ka take ambatonka.

Idan akwai mai yin abin nan da Hausa, ka nemo mana.

Uwar ɗakinka,
Atika

*

Fatakwal,
9 ga Oktoba, 2021

Atika,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum, gare ki da Kawu da duk gidan. Na ji daɗin jin Inna ta yi dariya, ko da Baturiya ce ta samu ladan.

Na nema da Hausa, ban samu ba. Don haka na yi da kaina. Ga memori nan a naɗe cikin takarda, ki sa a wayar.

Turmi na aro wurin matar da muke sayen tuwo, na kife shi jikin bango, tsawonsa ya yi daidai da kujerar da ake so. Ku ma haka za ku yi, ku jingina shi da bango sosai, ku naɗe tabarmar ɗakin kada ta harɗe ta. Barau mai gadi ne ya riƙe mini wayar. Dariya ta hana shi riƙewa da kyau, yana cewa bai taɓa ganin ƙato da furfura yana koyon tashi tsaye ba. Sai da muka sake sau da yawa. Na kai wa likita ta duba, ta gyara mini wuri biyu, na sake. Na sa jallabiya da hula, kada a ce ni ma ba ni da masu ba ni abin rufe kai, duk da gaskiyar ke nan.

Abin da ya fi ba ni wuya ba motsin ba ne. Na tsaya gaban wayar na rasa da wane suna zan kira ta. In ce Inna, bakina bai saba faɗa mata a fuska ba. Sai na riƙa cewa "a dafa bango, a ɗaga ƙafa, a huta," kamar mai sanarwa a tasha.

Ki roƙar mini Kawu, cikin ladabi, a riƙa ajiye butar nesa da gadon kaɗan. Na san girmamawa ce. Amma duk abin da aka miƙa mata, an rage wa ƙafarta aiki ne.

Ki rubuto mini yadda ta karɓa. Kada ki gyara, ki faɗa mini yadda yake.

Ashafa

*

Batsari,
19 ga Oktoba, 2021

Ashafa,

A gurguje nake, Maude na ƙofar gida yana ta hon. Kowa lafiya.

Ka ce kada in gyara. Na sa memorin, na shigar da turmi, na nuna mata inda ake dannawa. Fuskarka na fitowa ta miƙa hannu ta kife wayar a kan katifa, ta ce in tafi yara na jirana a makaranta, in saki labule. Washegari haka. Kullum na kunna haka. Turmin dai yana ɗakin, ta ce a bar shi tana ɗora ƙwarya a kai.

Maganar buta na faɗa wa Baba, ya ce ya ji. Ka san jinsa.

Sai na sake rubutowa.

Atika

*

Fatakwal,
28 ga Oktoba, 2021

Atika,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na gode da kika faɗa mini gaskiya.

Na karanta takardarki a bakin ƙofar sashenmu, da wani tsoho a keke yana jiran in tura shi. Na ninke na sa aljihu na tura shi. 'Yarsa na biye da mu, yana ta kiran sunanta, riƙe mini wannan, gyara mini wancan, tana tsaki. Na ce a raina, yarinya, ba ki san abin da kike yi wa tsaki ba.

Na san al'ada. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a kallon idonsa, ba a nuna an damu da shi. Ba Inna ta ƙirƙiro ba, ita ma haka aka yi mata. Da aka yaye ni aka kai ni Yasore wurin Gwaggo Uwani, ƙanwar babana, ta riƙe ni riƙon da ba ni da abin cewa, Allah ya jiƙanta. Yazid kuma bai yi mini laifi ba don an kira sunansa safe da yamma. Auta ne, haka ake yi wa auta. Duk na yarda.

Amma shekarata arba'in da bakwai, Atika. Da aka kashe Yazid na kwana biyu a mota, na shiga ɗakin Runka na durƙusa gabanta. Kina wurin. Ta juya ga matar da ke gefenta ta ce, "A ba baƙi ruwa." Na sha ruwan. Na ce mutane ne suka cika ɗakin, kunya ce. To yanzu fa? Ɗaki daga ke sai ita, ni kuma ba ni ba ne ma, hotona ne a gilashi. Wa take jin kunya? Ni ina ganin akwai inda al'ada ke ƙarewa, abin da ya rage kuma sunansa daban. Ban ce ta ƙi ni ba. Na ce dai ba ta saba da ni ba, kuma ba ta neman sabawa. Tana da iko.

Wannan duk bai shafi ƙafarta ba. Akwai wata nas a nan, Zuwairatu, 'yar Zariya. Na roƙe ta ta yi duk abin da na yi, da hijabinta, a kan turmin nan dai. Ta fi ni iya bayani ma. Ga memorin nan. Mace ce, ba ta san ta ba, babu abin kifewa.

Nawa kuma ki ciro ki ba Maude. Ba na son fuskata tana kife a katifa kowace safiya.

Abu ɗaya na roƙe ki, kada ki rubuto mini wa'azin haƙƙin iyaye. Na san shi, shi nake yi.

Ashafa

*

Batsari,
15 ga Nuwamba, 2021

Ashafa,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake, da kai da ni kaina.

Na yi yadda ka ce. Na ciro memorinka na ba Maude tun wancan zuwan, na sa na Zuwairatu. Gwaggo ta ji muryar mace, ta dubi wayar, ta dube ni, ta kau da kai, ba ta sake kallon wayar ba. Wannan ba ta kife ba, ba ta kuma kore ni ba. Na ce mu tashi mu gwada, ta ce jikinta ba daɗi. Haka muka yi ta yi fiye da mako biyu. Abinci ma ta rage.

Shekaranjiya ina shafa mata mai a ƙafa, tana kallon bango, sai ta ce, "Atika, wancan malamin na cikin waya, sallamar shi anka yi?"

Na ce, "Wane malami, Gwaggo?"

Ta ce, "Mai yin tari in ya zo wurin ɗaga dunduniya."

Ashafa, ni ban san ka yi tari ba. Ban taɓa kaiwa wurin ba, tun a farko take korata. Na tuna ka ce ɗaga dunduniya can gaba yake. Na tashi na ɗauke ƙwaryar da ke kan turmin, na dubi bangon da ke gefensa. Farar ƙasar da aka shafa duk ta yi duhu wuri ɗaya, daidai tsawon kafaɗarta, shatin hannu da man kaɗanya, ɗaya kan ɗaya. Kullum ina shiga ɗakin nan ban gani ba.

Na ce, "Gwaggo, ashe yi kike?"

Ta ce, "Yo mi zan yi da turmi a ɗaka, daka?"

Da ƙyar na tatsi sauran. Kife wayar take yi don ba za ta iya kallon fuskarka ba, ko da mutum ko ba mutum. Korata take yi don ba za ta bari a gan ta tana bin umarnin ɗan fari ba. Labule na sauka sai ta bi muryar. Har ta kai tana tashi daga turmin ba tare da ta dafa gwiwa ba. Ta so sai ranar da ta iya sosai ta fito tsakar gida kawai a gan ta. Yanzu na ce ta nuna mini, ta yunƙura ta kasa. Abin da ta tara ya zube a zaman nan.

Na ce me ya hana ta tambaya tun ranar da na canza? Ta ce, "In tambayi wa? In ce mi?"

Abin da idona ya gani na rubuta maka, ban yi ƙarya ba, amma rabi na gani. Kai kuma ka ɗauki rabin ka gina gida a kai. Ka dawo mana da memorin a zuwan Maude na gaba. Ba wa'azi nake maka ba, umarni ne, ni ce 'yar namiji.

Atika

*

Batsari,
1 ga Disamba, 2021

Ashafa,

Maude ya dawo hannu rabbana. Ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka sa aljihu ka ce ka gode. Lafiya kake? In fushi ne, ka yi da ni.

Gwaggo ta sake faɗuwa ranar Litinin. Da ta ga shiru sai ta ce za ta yi da ka, ta haddace maganarka. Ta faki idona ina makaranta. Wurin tafiyar nan da ka ce a sa dunduniya gaban yatsu, ashe ita tun farko ba haka take yi ba, tunda ba ta taɓa gani ba, ji kawai take. Harɗe ƙafafun take, ɗaya ta haye ɗaya. Da can tana dafe da bango, wannan karon ta saki. Allah ya taƙaita, wuyan hannu ne ya kumbura, ba karaya.

Baba ya fusata yadda ban taɓa gani ba. Da kansa ya mirgino turmin waje. Ya ce an mayar da yayarsa 'yar wasa, daga yau ba waya ba turmi. Ya aika Katsina wurin wani tsohon ɗalibinsa a kawo mata keken guragu. Irin wanda kake turawa, Ashafa. Ya ce a zaunar da ita a huta.

Gwaggo kuwa ta kwanta. Ta koma kallon bango.

Ni na yi iyakar bakina. Baba ba zai ji daga wurina ba, 'ya ce ni. Kai ɗanta ne, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba.

Atika

*

Fatakwal,
9 ga Disamba, 2021

Atika,

Assalamu alaikum. Lafiyata lau, ba ciwo ne ya hana ni ba. Takardarki ta Nuwamba ban buɗe ba. Na ajiye ta a taga kusa da memorin da kika dawo mini da shi, na ce wa'azin ne ya iso. Sai da ta biyu ta zo na ga kin rubuta "gaggawa" a bayanta, na buɗe su tare. Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Da na buɗe ta farko a kan lokaci da hannunta bai kumbura ba. Wannan nawa ne, ba naki ba.

Ba zan ce miki na daina jin abin da nake ji ba. Mutum ya kai shekaruna sai an leƙa bango kafin a san uwarsa na sauraronsa, ba abin murna ba ne sosai. Amma na fahimci abin da ban fahimta ba, kuma na fasa maganar da na yi.

Tsohon memorin ban dawo da shi ba, don shi ya kayar da ita. Abin da ake koya da ido ba a bin sa da kunne kaɗai. Na sake sabo. Na ce wa Barau ya ajiye wayar a ƙasa ya jingina ta da bulo. Ba abin da ke fitowa sai ƙafafuna daga gwiwa zuwa ƙasa, da gindin turmi, da bango. Babu fuska. Muryar dai ita ce. Ki ce mata malamin ya dawo, kuma wannan karon babu abin da za ta kife. Ta dubi inda dunduniya ke sauka. Likita ta gani ta ce ya fi na farko ma, don ƙafar ake son a gani.

Sharaɗi ɗaya, ba ta yi ita kaɗai. In kunyarki take ji, ki tsaya a bayanta ki kau da kai, amma hannunki ya kai gare ta.

Wannan sashen ki karanta wa Kawu.

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ban fi ka son Inna ba, kai ka san ta tun ba a haife ni ba. Fushinka a kan hanya yake, kuskuren nawa ne. Amma keken nan shi ne sana'ata. Wanda ƙafarsa ta karye yakan hau ya warke ya sauka. Wanda tsoro ya ɗora a kai, ni dai ban cika ganin ya sauka ba. Ina roƙon a mayar da turmin, a ba mu zuwa ƙarshen watan nan, Atika na tsaye. In ba a ga canji ba, ni da kaina zan zo in koya muku yadda ake tura shi ba a ji mata ciwo ba.

Ashafa

*

Batsari,
2 ga Janairu, 2022

Bawana,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Ka ga sabis ya dawo mana, amma wannan ba labarin waya ba ne, kuma akwai kaya da zai biyo shi.

Na karanta wa Baba. Ya ce in sake karanta wurin keken. Bai ce ya yarda ba. Da la'asar dai na ga turmin a ƙofar ɗakin Gwaggo, ba wanda ya ce shi ya kai.

Na kunna na miƙa mata. Hannunta har ya tafi zai kife, sai ya tsaya. Ta matso da wayar kusa da ido. Ta kalla har ƙarshe ba ta motsa ba, na ce yau ma babu. Can ta ce, da bango take magana ba da ni ba, "Tabon nan na idon sawu ashe bai ɓace ba." Na ce wane tabo? Ta ce, "Murhu. Yana rarrafe." Sai ta ce in kama ta mu tashi.

Da ta zo wurin tafiyar ta ga yadda kake ajiye ƙafa, ta ce, "Au, haka ne? Shi bai faɗi da kyau ba." Ka ji, laifinka ne.

Ba zan ce maka ta koma kamar da ba. Tana gajiya da wuri, wata rana ta ƙi sam. Ina tsayawa a bayanta ina kallon rufi har wuyana ya ƙage. Amma ranar Juma'a da hantsi ta dafa ƙyaure ta sauko dakalin nan da ya kayar da ita, ta tako har gindin darbejiya ta zauna cikin masu ɓarar gyaɗa. Baba na fitowa ya gan ta, ya juya ya koma zaure kamar ya manta wani abu. Keken ya iso, yana zauren, littattafansa ne a kai.

Na ce mata yanzu da sabis, in kira mata kai ku gaisa? Ta harare ni ta ce in ba ni da aiki in tsince wake.

Amma jiya ta ba ni wannan ƙullin da ke cikin leda, man kaɗanya ne na cikin gwangwaninta. Ga saƙon yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba: "A kai ma malamin cikin waya. Kaushi ya yi mashi yawa, kamar wanda ba shi da kowa. Shi riƙa shafawa in zai kwanta. Kuma shi rage sauri wurin tashi, ba tsere muke ba."

Atika

*

Fatakwal,
12 ga Janairu, 2022

Atika,

Gaisuwa gare ki da Kawu. Ki ce masa na gode, ko da bai san zancen turmi ba.

Ƙullin ya iso. Tabon yana nan a ƙafar hagu. Tun ina yaro nake ganinsa, na tambayi Gwaggo Uwani ta ce da shi aka kawo ni. Ban taɓa sanin murhu ba ne.

Kada ki sake matsa mata da maganar kira. In kin ba ta wayar shiru za ta yi, ni ma shiru zan yi, mu ɓata abin da muka samu. Sunana ba zan ji a bakinta ba, na san wannan yanzu, kuma ba zan ce ba ya mini zafi ba. A bar shi a haka.

Ga sabon memori. Na rage sauri wurin tashi. Na ƙara hawa dakali da sauka, Barau ya samo mini bulo mai tsawon naku. Turmin kuma na saye shi, mai tuwo ta gaji da aro. Yana nan a ɗakina jikin bango, shi ne kujerar baƙi in an samu baƙon.

Sai da na shafa man kwana uku kafin mu ɗauka. Ki ce mata malamin ya ji, ta duba dunduniyar ta gani.

Ashafa